TSOFAFFIN KUƊIN TURAWA: KADA KA SAYAR SAI KA KARANTA SHEKARAR

 

A gidaje da yawa na ƙasar Garun Malam da Kura da Bunkure, akwai wani ƙullin tsumma da ke kwance a ƙasan adudu ko akwatin tsohuwa. Ba a cika kwance shi ba sai ranar rabon gado, ko ranar da wata matsala ta taso. In an kwance sai a ga tsofaffin kuɗi: kwabo mai huji, da sisi, da sule mai kan Sarkin Ingila. Wani lokaci har da wata babbar azurfa mai hoton mace. Wasu kuma an huda su, an zura a zare, an yi abin wuya.

Daga nan sai gardama ta tashi. Wani ya ce tarkace ne, a ba yara su yi wasa. Wani ya ce ai ya ji a waya ana sayen kwabo ɗaya naira miliyan. Dukansu biyu sun yi kuskure. Na farko zai zubar da dukiya. Na biyu zai faɗa hannun ɗan damfara.

Maganar ta fi muhimmanci a lokacin shirin noman rani. Manomi na neman kuɗin taki, da na iri, da na man injin ban-ruwa. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen tsofaffin kaya sun san wannan lokaci sarai. Sun san mutum a matse yake, kuma bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Saboda haka bari mu yi bayani dalla-dalla.

YADDA KUƊIN NAN SUKA SHIGO GIDAJENMU

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Kano. Amma manyan fatake sun san wata babbar azurfa da ake kira liyari. Daga ƙasar Ostiriya ta Turai ta fito, ta ratso hamada tare da ayari. Hoton da ke jikinta na wata sarauniya ce mai suna Mariya Teresa. Wani Bature Bajamushe, Dakta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya tarar ana canza irin wannan azurfa ɗaya a kan wuri 2,500.

Ƙasar Kura kuwa ta daɗe da fatauci. Marinanta sun yi suna wajen baƙin rawani ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye su kai har cikin hamada. Inda ake ciniki, can kuɗi ke kwana.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Suka zo da sulallansu na Ingila, suka kuma sa a riƙa biyan haraji da su. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji musamman don ƙasar nan, da tauraro a gefe ɗaya, da rubutun Larabci a ɗaya gefen. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Shekara ɗaya bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe, sulalla suka kwararo ƙauyuka.

A 1912 Turawa suka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinsu. Ƙasashen su ne Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya. A 1913 hukumar ta fito da taro, da sisi, da sule, da fataka na azurfa. Sule da fataka suna da hoton bishiyar kwakwa a bayansu.

Ga yadda lissafin yake, don yaran yanzu:

Anini 10 su ne kwabo 1.
Ɗari 2 su ne kwabo 1.
Kwabo 3 su ne taro.
Kwabo 6 su ne sisi.
Kwabo 12 su ne sule.
Sule 2 su ne fataka, wasu su ce dala.
Sule 20 su ne fam 1.

A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin ƙasarmu na kanta. Ranar 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Tun daga lokacin tsofaffin kuɗin suka daina sayen komai a kasuwa. Amma wasunsu ba su daina daraja ba.

ABU UKU NE KE BA TSOHON KUƊI DARAJA

Mutane suna zaton tsufa ne ke sa kuɗi tsada. Ba haka ba ne. Abu uku ne ake dubawa. Na farko, ƙarfen da aka yi shi da shi. Na biyu, ƙarancinsa a duniya. Na uku, lafiyar jikinsa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: ƘARFEN

Ba kowane farin kuɗi ne azurfa ba. Shekarar da ke rubuce a jiki ita za ta gaya maka gaskiya. Da farko duba rubutun da ke zagaye da kuɗin. In ka ga an rubuta BRITISH WEST AFRICA, na Afirka ta Yamma ne. In ka ga an rubuta NIGERIA da shekarar 1959, namu ne na gida. In babu ko ɗaya, sai kan sarki ko sarauniya da tambarin sarauta, mai yiwuwa na Ingila ne.

Na Afirka ta Yamma: taro, da sisi, da sule, da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ne mai kyau. In an kasa nauyinsu kashi 1,000, kashi 925 azurfa ce zalla. A 1920 an buga iri biyu. Fari azurfa ne, rawaya kuwa tagulla ce. Bayan 1920 ba a sake sa azurfa ba sam. Dalili kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada ƙwarai. Mutane suka riƙa ɓoye sulalla, wasu suna narkarwa. Shi ya sa gwamnati ta canza ƙarfen.

Na Ingila: duk sisi ko sule ko fataka na 1919 zuwa baya azurfa ne mai kyau, kashi 925. Wannan ya haɗa da masu kan Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da masu kan ɗanta Sarki Edwad na Bakwai. Daga 1920 zuwa 1946 rabi azurfa ne, rabi gauraye. Daga 1947 babu azurfa ko kaɗan, ko da yake launinsu fari ne.

Namu na 1959: sisi mai hoton koko, da sule, da fataka mai hoton gyaɗa, duk farare ne, amma babu azurfa a cikinsu. Kwabo, da ɗari, da anini masu huji su ma ba azurfa ba ne, ko na wace shekara ne.

Yanzu ga nauyi. Sule na azurfa mai kyau yana da nauyin giram 5.6, kuma azurfar da ke cikinsa ta kai giram 5.2. Fataka ta ninka haka, wato giram 10.4 na azurfa. Sule na Ingila na 1920 zuwa 1946 azurfarsa giram 2.8 ce kawai. Liyari kuwa nauyinta giram 28, azurfarta giram 23. In kuɗin ya suɗe saboda yawan shiga hannu, nauyin zai ɗan ragu.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce yau maƙera suna sayen giram ɗaya na azurfa naira 1,000. Wannan lambar misali ce kawai, ba farashin kasuwa ba. To, sule na 1916 zai kama naira 5,200. Fataka ta wannan shekara naira 10,400. Liyari naira 23,000. Sule na Ingila na 1930 naira 2,800. Mai saye zai ɗan rage don ya sami riba, wannan ba laifi ba ne. Amma in ya taya maka sulalla 20 a kan kuɗin sule ɗaya, ka san cuta ce. Farashin azurfa da zinariya yana hawa yana sauka kamar na tumatir a Kwanar Gafan. Saboda haka ka tambayi farashin giram na ranar kafin ka zauna ciniki.

FAM NA ZINARIYA

Akwai wani ɗan ƙaramin kuɗi ja wanda ya fi duk waɗannan daraja. Shi ne fam na zinariya na Ingila, wanda Turawa ke kira sofarin. Bai kai sule faɗi ba, amma ya fi shi nauyi. Wasu alhazai da fatake sun zo da shi daga ƙasashen Larabawa, mata kuma suka sa shi a sarƙa.

Ga alamunsa. A gaba akwai kan sarki ko sarauniya. A bayan yawancinsu akwai mutum a kan doki yana faɗa da wani dodo. An fara buga shi da wannan hoto a 1817. Nauyinsa giram 8 ne saura kaɗan. Zinariyar zalla da ke cikinsa giram 7.3 ce. Akwai kuma rabin fam, wanda nauyinsa giram 4 ne. Da yake giram na zinariya ya fi na azurfa tsada ninkin ba ninkin, fam ɗaya tak ya fi tarin sulalla kuɗi.

Amma a yi hattara. Ana yawan yi masa jabu. Tun shekarun 1950 ake ƙera na kwaikwayo a Italiya da wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Wasu zinariyarsu ba ta cika ba. Wasu kuma tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya. In ya kasa giram 8 da yawa, ko ya yi kauri fiye da kima, to, a yi shakkarsa.

NA BIYU: ƘARANCI

A Ingila, da Amurka, da sauran ƙasashe akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kuɗi. Suna jera su shekara-shekara, sarki bayan sarki. Suna da littattafai da suka nuna yawan kuɗin da aka buga a kowace shekara. Wanda ya yi wuyar samu, shi suke rububi a wajen gwanjo. Ga misali da zai nuna bambanci.

Sarki Edwad na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na 1936. Kafin shekarar ta ƙare ya yi murabus, saboda matar da ya nace sai ya aura. Ba a kai ga sakin kuɗi mai kansa a Ingila ba. Na gwaji kawai aka buga, ɗauke da shekarar 1937. Fam na zinariya irin wannan guda 6 kaɗai aka sani a duniya. A watan Janairu na 2020 aka sayar da ɗaya a kan fam miliyan ɗaya na Ingila.

To, a nan ƙasarmu an buga kwabo, da ɗari, da anini masu huji da sunan wannan sarki a 1936. Mai yiwuwa akwai ɗaya a gidanku. Amma miliyoyi aka buga, kuma har yanzu suna nan birjik. Saboda haka kuɗinsu kaɗan ne. Sarki ɗaya ne, zamani ɗaya ne. Wancan guda 6 ne, wannan kuwa ba ya ƙirguwa. Ƙaranci shi ne ya raba su.

Haka liyari take. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinta, ka ce ka sami abin shekara 200 da ɗoriya. Ba lalle ba ne. A 1780 sarauniyar ta mutu. Da yake fataken Larabawa da na Afirka sun amince da kuɗin, sai aka ci gaba da buga shi ba tare da canza shekarar ba. An buga ɗaruruwan miliyoyi, wasu ma a Landan da Bambai ta Indiya. Yawancin liyari darajar azurfarsu kaɗai gare su.

Masu tara kuɗi suna kuma duba wani ɗan ƙaramin harafi da ke nuna garin da aka buga kuɗin. A jikin kuɗin Afirka ta Yamma za ka iya ganin H ko KN, wato kamfanoni biyu na birnin Bamingam a Ingila. A jikin fam na zinariya na zamanin Sarki Joji na Biyar, harafin yana ƙarƙashin ƙafafun dokin, a saman shekara. S da M da P garuruwa ne na Ostareliya. SA Afirka ta Kudu ce. C Kanada ce. In babu harafi, na Landan ne. Fam na 1917 mai harafin P ko S yana da yawa. Amma na 1917 marar harafi yana da wuyar samu ƙwarai, domin an narkar da yawancinsu. Shi ya sa shi ma aka cika yin jabunsa.

Gaskiyar magana ita ce, da wuya a sami irin waɗannan masu tsadar gaske a ƙauyukanmu. Abin da ya fi yawa a hannunmu darajar ƙarfensa ce. Amma ita ma dukiya ce, bai kamata a bayar da ita a banza ba.

NA UKU: LAFIYAR JIKINSA

Kuɗi biyu za su iya zama shekara ɗaya, gari ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Wanda gashin kan sarki da rubutunsa suka fito raɗau, shi ake so. Wanda ya suɗe ya yi sumul, sai dai a auna shi a sikeli.

A nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Mutum ya ga kuɗi ya yi baƙi, sai ya sa toka, ko yashi, ko lemun tsami ya goge shi har ya yi ƙyalli. A wajen masu tara kuɗi, wannan ɓarna ce. Baƙin nan shaidar tsufa ce, kuma gogewa tana barin zane a jiki wanda ba ya gyaruwa. Kada a wanke, kada a goge, kada a kankare.

Kuɗin da aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙa ya rasa wannan daraja, amma ƙarfensa na nan. Hujin kwabo da anini kuwa ba aibi ba ne, da shi aka buga su.

In za a ajiye, a naɗe kowanne shi kaɗai a farar takarda. A sa a gwangwani mai murfi, a wurin da ba danshi. In za a ɗauka, a kama gefe, kada a danna yatsa a fuskar.

DABARUN 'YAN DAMFARA

Dabara ta farko ita ce raina kaya. Mai saye zai juya kuɗin, ya taɓe baki, ya ce ai wannan dalma ce, amma zai taimaka ya karɓa. Maganinsa shi ne ka riga shi sanin shekarar da nauyin.

Dabara ta biyu ita ce zuga. Wani zai bugo waya, ko ya rubuta a Facebook ko WhatsApp, ya ce akwai Bature mai sayen kwabo mai huji da miliyoyin naira. Sai ya ce ka fara turo kuɗin rajista, ko na gwaji, ko na mota. Da ka tura, shi ke nan, wayarsa ta mutu. Ka riƙe wannan: mai saye shi ke ba da kuɗi, ba shi ke karɓa ba.

Dabara ta uku ita ce mutum biyu su haɗa baki. Ɗaya ya zo yana neman wani irin kuɗi ido rufe, ya yi alkawarin farashi mai tsoka. Bayan kwana biyu ɗayan ya ɓullo da irinsa yana sayarwa. Ka sayar da buhunan shinkafarka ka saya, sai ka nemi na farkon ka rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma masu cewa wani tsohon kuɗi yana da asiri, yana jawo arziki ko yana haihuwar kuɗi. Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙarfe ne kawai da aka buga a masana'anta.

ABIN DA ZA KA YI KAFIN KA SAYAR

1. Ka zauna da rana tsaka, wurin haske. Ka ware kuɗin kashi-kashi: ja, da fari, da rawaya, da masu huji.

2. Ka ɗauki littafi ka rubuta kowanne: sunansa, da shekararsa, da ƙaramin harafin in akwai. In lambobin sun yi maka ƙanana, ka kira yaro mai ƙarfin ido.

3. Ka gwada da mayen ƙarfe. Zinariya da azurfa ba sa mannewa. Amma tagulla ma ba ta mannewa, saboda haka wannan gwaji bai isa shi kaɗai ba.

4. Ka kai wa maƙerin azurfa ko mai sayar da zinariya ya auna a gabanka, kana kallon sikelin. Akwai su a birnin Kano, a Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni. Kada ka bari a shiga da kayanka ɗaki. Kada ka yarda a yanka ko a goga wa kuɗin magagari tun ba a yi ciniki ba.

5. Ka ji ta bakin mutum uku a wurare daban-daban. Ka tafi da ɗan'uwa wanda ka amince da shi. Matambayi ba ya ɓata.

6. In matsala ce ta sa za ka sayar, ka sayar da abin da zai biya buƙatar kawai. Zinariya da azurfa ba sa ruɓewa, gara ba ta cin su, kuma faɗuwar naira ba ta rage musu nauyi.

HAƘƘIN MAI ABU

Yawancin kuɗin nan na mata ne. Wata ta gada wajen mahaifiyarta, wata kuma da kuɗin sana'arta ta saya. Maigida, in na matarka ne ko na mahaifiyarka, ba ka da ikon sayarwa sai da yardarta. 'Yan'uwa mata, ku ma ku san shekara da nauyin abin da kuka ajiye.

In kuma kayan gado ne, kada a raba da ƙirge. Sule 10 na 1915 ba daidai suke da sule 10 na 1959 ba. A auna, a yi musu kuɗi, sannan malami ko alƙali ya raba, don kada a ci haƙƙin maraya cikin rashin sani.

Wani lokaci mai haƙa rijiya ko mai yin bulo a tsohon kufai yakan ci karo da tukunyar wuri ko ta sulalla. In haka ta faru, kada a fasa a watse. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a kuma nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama da ke Kano. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba.

Daga ƙarshe, ko da an auna an ga kuɗin ba azurfa ba ne, kada a zubar. A bar wa jikoki kwabo ɗaya da anini ɗaya. Da irinsu kakanninmu suka biya haraji, suka sayar da gyaɗa, suka yi sadaki. Yaron da ya riƙe kwabo mai huji a hannunsa zai fi gane labarin.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu noman rani mai albarka, amin.